Gishiri a Tafin Sayama

Ranar Lahadin da aka tsayar da ranar toyi, Sayama Tial Cer, wato Malama Tial Cer, tana zaune a bencin baya na coci, kusa da ƙofa, inda matan da mazansu suka rasu suke zama. Bayan addu'a Pu Lal Hmung, mai garin Zaitlang, ya miƙe ya ce sassaben da aka yi a gangaren gabas ya bushe ƙamas, za a sa masa wuta Talata ta sama, kafin iskar bazara ta tashi. Duk mai saniya a dajin da ke saman gangaren ya je ya kira abarsa ya tsallakar da ita rafi. Bai dubi Sayama ba da yake faɗin haka. Babu ma wanda ya dube ta, da haka ta san da ita ake.

Saura kwana tara.

Shanunmu na tudu, waɗanda muke kira sia, ba a ɗaure su, ba a tatsarsu, ba a bin su kiwo. Daji suke kwana, daji suke tashi. Abin da ke tsakanin saniya da mai ita gishiri ne kawai: duk mako ya hau tsauni, ta zo ta lashe tafin hannunsa, ta koma. In ta daɗe ba ta ga tafin nan ba sai ta manta da mutum, ta zama naman daji. Mijin Sayama, mai suna Ni Kio, ya bar saniya guda, baƙa wuluk mai fararen ƙafafu kamar ta taka gari. Kerang ya sa mata suna. Watansa huɗu da rasuwa, wata huɗu ke nan Kerang ba ta ɗanɗana gishiri a hannun kowa ba. In wuta ta tashi tana can sama, ko dai ta rutsa da ita, ko ta kora ta bayan tsauni, cikin kurmin da ya miƙe har iyakar Indiya, inda ba a taɓa jin saniya ta shiga ta dawo ba.

Sayama kuwa ba ta taɓa ba saniya gishiri ba. Aikinta daban ne.

A gidan da ke ƙasan coci aka haife ta. Ta shiga makaranta ne saboda malamin lokacin yana neman yara ashirin kafin hukuma ta yarda da makarantar, aka samu goma sha tara, sai mahaifinta ya ce a cika da wannan, tunda ba ta da ƙarfin ɗauko masara daga gona. Daga nan ta wuce makarantar garin Thantlang, tafiyar kwana biyu a ƙasa, da buhun tsakin masara a baya, igiyarsa a goshi. Daga nan sai Hakha, inda sanyin Disamba ke daskarar da ruwa a bokiti. Sau biyu jarrabawar aji goma tana kayar da ita, ba don lissafi ba, don harshen Bama da ake rubuta ta da shi, wanda ba a jin sa a gidan kowa a nan. A karo na uku ta ci. Aka ce ta zauna a birni, ta ce sanyin garinsu ya fi mata sanyin garin wasu, ta dawo.

Shekara talatin da uku ta yi tana buga ƙararrawar makarantar Zaitlang, wani kwanson bam da aka tsinto a kwari bayan yaƙin Japan aka rataye a reshen bishiya. Darasin da ta fi so shi ne na taswira. Takan rataye ta a jikin allo ta nuna wa yara jiharmu can gefen yamma, siririya, maƙale a jikin ƙasar kamar ƙadangare a bango. Ta sa su haddace tsayin duwatsu, da sunayen koguna, da watannin da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa har hanya ta tsinke. Littafi ya ce jihar Chin tana noma tuffa da lemo da ganyen shayi. Yaran da suka karya kumallo da faten masara, kuma shi za su tarar in sun koma, sukan maimaita haka da babbar murya. Sai daga baya ta lura cewa taswirar da ta nuna wa yaro inda yake, ita ce kuma ke nuna masa hanyar fita.

Shekarar da gora ta yi fure, ɓeraye suka cinye gonaki, gida goma sha biyu suka tashi. Shekarar da ƙasa ta zaftare ta tafi da unguwar ƙasa, wasu suka bi bayansu. Sauran ba su jira dalili ba. Mizoram, Malesiya, Amurka. Kowa kafin ya tafi sai ya zo Sayama ta cike masa takarda, don rubutunta ya fi na kowa kyau. Da hannunta ta cike ta ɗanta Bawi Lian, da ta 'yarta Sui Par. Yanzu yara goma sha ɗaya suka rage a makarantar, da wata sabuwar malama da aka turo daga ƙasan duwatsu. Ba ta jin yarenmu, yaran ba su jin nata, suna dai kallon juna cikin ladabi har a tashi.

Shi Ni Kio aji biyu ya yi ya gudu. Shi ne ya ɗauko kwanon rufin makaranta a bayansa daga inda mota ke tsayawa, falle huɗu-huɗu, sawu goma sha ɗaya, a sawu na ƙarshe ya tura kawunsa neman aurenta. Har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunanta ba, bai kuma ce mata uwar Bawi ba, kamar yadda kowane miji ke kiran matarsa da sunan ɗan fari. Sayama yake ce mata. In tana duba littattafan yara, yakan zauna bakin murhu yana saƙar kwando, ko tari ba ya yi da ƙarfi. In ya yi magana goma a yini to ya yi surutu. Ta ɗauka haka Allah ya yi shi.

Litinin da safe ta sa farar riga da koren zane, kayan malamai, don hannunta ya saba kaiwa gare su duk da shekara uku ke nan da ta ajiye aiki. Ta zuba gishiri a kurtun gora na mijinta, ta kama hanya. Awa biyu ne zuwa dutsen gishiri, wani faffaɗan dutse a bakin daji da harshen shanu ya siɗe har ya yi santsi. Ta hau kansa ta tsaya, ta gyara murya.

"Kerang. Kerang."

Muryar nan ce da ke tattaro yara daga unguwa uku. Ta tsallaka kwari ta dawo mata. Tsuntsaye suka tashi, ban da su ba abin da ya motsa har rana ta take. Talata ma haka. Sai ranar Laraba ta hango saniyar, tsaye cikin inuwa, nisan jifa, kai a sama. Sayama ta miƙa hannu ta nufe ta tana kira. Saniyar ta dube ta yadda ake duban baƙon da ya yi ɓatan gida, ta juya ba gaggawa, ta shige.

Da yamma Lal Hmung ya shigo. Ban da sarautar gari, ƙanin mijinta ne, kuma yana cikin ɗalibanta na farko.

"Sayama, an ce kina kiran suna a daji. Mutum nawa suka amsa?"

"Ɗaya ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Kamar kai a aji uku."

"Ni ai na shiga daga baya."

"Da ruwa ya fara dukanka."

Ya yi dariya, ya zauna a kujerar bakin murhu, sai ya tuna ta wane ne, ya koma kan itace. "Uwar Bawi, ki saurare ni. Ko ta zo ko ba ta zo ba, ai ta dutsen yayana ce. Ranar da za a kafa masa dutsen tunawa a bakin hanya, dole a yanka sia, kin fi ni sani. To me ake jira? In hau da bindiga tun tana da ƙiba. A kafa dutse, gari ya ci, a yi wa yara banda a aika musu. Wuta ba ta san saniyar marigayi ba."

"Ɗaga toyin da mako guda."

"In ɗaga, iska ta zo ta kawo mana wutar cikin gari? Mu nawa muka rage masu share iyakar wuta? Goma sha huɗu, uku da sanda suke tafiya. Masu ƙarfin kin koya musu hanya sun tafi."

Da wasa ya faɗa. Da ya ga fuskarta sai ya hau gyaran hula.

"Ba ni zuwa Litinin," ta ce.

"Litinin da la'asar. In ba ta tsallaka rafi ba, Talata da sassafe zan hau."

Ranar Alhamis ta je gindin tankin ruwa da ke saman maƙabarta, inda kaɗai waya ke kamawa a garin. Bawi Lian yana aiki a ɗakin girkin wani gidan abinci a Kuala Lumpur. Tana jin ƙarar tukwane a bayansa.

"Ka nu," ya ce, yadda yaranmu ke kiran uwa, "Baba Lal ya gaya mini komai. Ki bar shi ya harbe ta mana. Da gwiwoyin nan naki kike hawa dutsen gishiri? In kin faɗi wa zai gan ki?"

"Kerang."

"Ba wasa nake ba. Sui Par ta ce takardunki sun kusa fitowa. In kin tafi wajenta Amurka, wa zai riƙa ba ta gishiri? Gara a ci ta da sunan Baba."

"Kana dai cin abinci?"

"A ɗakin girki nake aiki, ka nu."

Wani ya daka masa tsawa da wani yare, wayar ta katse. Ta tsaya nan tana kallon kaburbura. Gaskiya yaron ya faɗa, Lal Hmung ma gaskiya ya faɗa. Abin da ba ta iya gaya musu ba shi ne, duk garin nan, har ita kanta, kowa ya je jana'izar Ni Kio. Kerang ce kaɗai ba ta je ba. Ita har yanzu jiransa take, kuma Sayama ba ta so a harbe ta tana cikin jira.

Jumma'a tana saukowa hannu rabbana, ta tarar da Pi Dar Men, ƙawarta tun suna yara, ta sauke kwandon itace tana hutawa a gindin dutsen tunawa na wani da ba mai tuna shi yanzu. Lofe a bakinta.

"Tial Cer, ashe ke ce mai wannan kururuwar kullum? Na ɗauka an buɗe makaranta a sama."

"To yaya zan kira ta, da wasiƙa?"

"Wa ya ce miki kiranta ake yi? Shekara nawa ina itace a bayan dutsen nan, ban taɓa jin mijinki ya kira ta ba. Zama yake yi, ya ba daji baya, ya saki hannu ta baya da gishirin, ya kama zuba."

"Zubar me?"

"Surutu mana. Kamar rediyo."

"Ni Kio?"

"Miji nawa kika yi?" Dar Men ta cire lofen ta tofar. "Ya ba ta labarin masara, da ciwon bayansa, da fasto mai dogon wa'azi. Ke ma kina ciki. Sayama ta kwana tari. Sayama ta ƙona wake tana karatu. Rannan har muryarki na ji yana kwaikwaya, yana jero mata koguna. Na yi dariya har lofe ya faɗi cikin ciyawa, na yi ta nema."

"Ba ki taɓa gaya mini ba."

"Kin tambaya? Wa ke gaya wa malama abin da ba ya cikin littafi?" Ta mai da igiyar kwandon goshinta. "Taimaka mini in tashi. Kuma ki cire farar rigar nan, daga bayan tsauni ake hango ki."

Da ta koma gida ta zauna a kujerarsa, karo na farko. Shekara talatin da biyar suna ɗaki ɗaya. Ashe mutumin da magana cike da cikinsa, sai dai ya ɗauke ta ya yi tafiyar awa biyu ya kai wa saniya. Ta rasa wanda za ta yi fushi da shi. Sai ta tuna wata rana a shekarar aurensu ta farko. Sun yi baƙi, ya saki jiki yana ba su labarin farauta, ya ce tsaunin bayan gari ba wanda ya kai shi tsayi a duk ƙasar Chin. Ita kuwa tana zuba shayi ta ce a'a, mafi tsayi yana can kudu, har ta faɗi ƙafa nawa ne. Ya yi dariya ya ce, "Sayama ta fi ni sani." Bai ƙarasa labarin ba. Ta yi ta laluben ranar da ya sake ba da wani labari a gabanta, ba ta samu ba.

Asabar ta yafa tsohon bargonsa ta hau. Ta zauna, ta ba daji baya, ta saki hannu. Sai ta ga ba ta da abin cewa. Macen da ta shekara talatin da uku tana magana tun safe har azahar, ta zauna bakinta ya yi nauyi. Can ta ji ƙarar tsinke ya karye a bayanta, kafin ta ankara ta waiwaya. Wutsiya kawai ta gani.

Lahadi ba mai shiga daji a garinmu. Bayan coci ta je ta zauna a matakalar makaranta, ba kowa. A nan take zama duk farkon shekara, saboda ƙananan yaran unguwar ƙasa, masu tsayawa bayan shinge don tsoron baƙon harshen da suke ji daga cikin aji. Ba ta taɓa kiran irinsu ba. Takan zauna ta ba su baya tana ɓarar masara, tana magana ita kaɗai da yaren gida, a kan kaji, a kan ruwa, har ta ji numfashin yaro a kafaɗarta. Ashe ta san hanyar tuntuni. A gida ne kawai ba ta taɓa bin ta ba.

Litinin ta isa dutsen da hantsi. Ta zuba gishiri a tafi, ta mai da hannun baya, ta dubi kwari. Tunda ya saba jero mata koguna, da su ta fara, ƙasa-ƙasa, ba da muryar aji ba: Boinu, Tio, Manipur, Lemro. Koguna suka ƙare. Sannan ta ce:

"Ya mutu, Kerang. Ba ƙin zuwa ya yi ba."

Daga nan maganar ta zo da kanta. Ta gaya mata yadda ya dawo daga gona ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, yadda aka nemi masu ɗaukarsa zuwa bakin hanya aka samu mutum uku, ana neman na huɗu ya cika. Ta gaya mata kwandon da ya bari rabi yana nan a rataye. Har yanzu takan auna masarar mutum biyu, sai ta zuba a tukunya take tunawa. Rufin ɗaki yana yoyo ta kusurwar yamma, kuma ba ta san inda ya ajiye ƙusoshi ba. Sui Par ta haihu, yaron ba ya jin yarenmu, in an sa shi a waya sai dai ya yi mata murmushi. Ta gaya mata zancen tsaunin nan ma, ta ce da ta bar masa tsauninsa, me zai ragu a duniya?

Hannunta ya mutu tun daga kafaɗa. Rana ta karkata. Sai ta ji ɗumin numfashi a wuyan hannunta, sannan harshe, mai kaushi kamar magogin ƙarfe. Ba ta waiwaya ba, ba ta kuma daina magana ba, duk da ba ta san abin da take faɗa ba a lokacin.

A hankali ta miƙe, ta ƙara gishiri daga kurtun, ta fara tafiya hannunta a baya. Ta ji takun kofato yana biye. Haka suka sauko, tsohuwa a gaba tana zance, saniya a baya tana lasa, in ta tsaya Sayama ta tsaya. A bakin rafi Kerang ta toge. Ruwan rani ne, iyakarsa ƙauri. Sayama ta tsallaka ta zauna a wancan gefe, ta sake ba ta baya, ta ɗauko labarin fasto. Ba ta kai ƙarshensa ba ta ji fantsamar ruwa.

Lal Hmung yana can sama kaɗan yana duba iyakar wuta, ya ga komai. Sai da saniyar ta shige cikin sauran shanun gari, sannan ya sauko.

"To dutsen yayana fa?"

"Alade biyu."

"Alade? Mutane za su ce gidanmu ya gaza."

"Su zo su faɗa mini. Rabinsu ni na koya musu share hanci."

Ya dube ta, ya dubi bargon da ke kafaɗarta. "Me kike gaya mata ne duk hanyar nan?"

"Ba darasinka ba ne."

Talata da rana tsaka aka sa wuta. Ta haura gangaren tana ruri, gorori suna fashewa kamar bindiga, hayaƙi ya rufe rana, toka ta yi ta sauka a kan rufin coci da shanyar mutane. Kafin la'asar ta cinye sassaben, ta lashi dajin sama har bayan dutsen gishiri, sannan ta kwanta.

Alhamis ta koma gindin tanki.

"Na ji labari," in ji Bawi Lian. "Baba Lal ya ce kin zama makiyayiya. To yanzu in kin tafi wa zai ba ta gishiri?"

"Duk Litinin nake hawa."

"Ka nu, cewa na yi in kin tafi."

"Na ji ka."

Tukwane suna ta ƙara a bayansa. Can ya ce zai gaya wa Sui Par, amma ta san halinta, za ta yi kuka. Sayama ta ce ta yi, ta gaji ubanta ne, komai a ciki take tarawa, gara ya fito.

An kafa dutsen Ni Kio a bakin hanya bayan shuka, da alade biyu, gari ya ci ba wanda ya ce uffan. Ita ta rubuta abin da aka sassaƙa a jiki. Gidan yana nan shiru kamar da, kujera ɗaya ba kowa a kai. Sai dai yanzu in wani abu ya faru a cikin mako, kaza ta ƙyanƙyashe, ko sabuwar malama ta koyi gaisuwa da yarenmu, ko Dar Men ta sake ɓatar da lofe, Sayama takan adana shi. Litinin da safe ta cika kurtun, ta yafa bargon, ta wuce dutsen mijinta, ta kama hawa tana bitar abin da za ta fara faɗa.